Rabin Wuyan Riga Shuɗi, Rabi Baƙi

Assalamu alaikum 'yan uwana. Baiwar Allahn da ta rubuto min tana cewa na cika jan rai, sai a yi kwana huɗu ban saki komai ba, ki yafe ni. Wallahi ba yanga ba ce. Rubutun ne yanzu ba na iya yin sa da yawa a zama ɗaya, kuma yau za ki ji dalili, don ni kaina na gaji da ɓoyon.

Wadda yau ta fara cin karo da ni, ga ni a taƙaice. Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har mai shagon layinmu. Sana'ata ɗinkin hannu, ina yin ado a zanin gado, rigar filo da wuyan riga. A ɗakin Gwaggo nake aiki, yayar Babanmu, ita ta koya min riƙe allura tun ina 'yar shekara tara. Sai kuma mutumin naku, Injiniya. Ba injiniyan komai ba ne, mai gyaran keken ɗinki ne, ni na laƙaba masa don tsokana sunan ya bi shi. Wata takwas da suka wuce ya zo gyara tsohon keken Gwaggo. A rana ɗaya ya gama, amma ya dinga dawowa wai duba lafiyar keke. A zuwa na huɗu Gwaggo ta kalle shi ta saman gilashinta ta ce, "Ɗan nan, keken nan tun ina amarya yake, bai taɓa samun likita mai ƙwazo irinka ba. In wani abu kake nema ka faɗa." Ya kuwa faɗa. Aka sa ranar Asabar manyansa za su zo wajen Baba neman aurena.

To ranar Talatar makon na gama masa riga. Farin yadi ne mai laushi, na yi wa wuyan ado da shuɗin zare mai duhu, ƙananan ganyaye suna bin juna daga kafaɗa zuwa ƙirji. Sati uku ina yi a gida a ɓoye, don ina son in ba Gwaggo mamaki. Shi kuwa kullum sai ya turo saƙo:

"Ranki ya daɗe, ina rigata? Ko ba da ni za a je ba, zan sa ta ranar Asabar in zauna a shago ina jiran labari kamar ango."

Na mayar masa, "Angon da hannunsa ba ya rabo da baƙin mai? Ka taɓa ta da hannun nan ka gani."

Da safe na naɗe rigar a leda, na yafa mayafina ruwan toka, na tafi gidan Gwaggo ina jin kaina. Na same ta inda take kullum, kan tabarma a gindin taga, gwangwanin biskit cike da zare a gefenta, almakashi rataye a wuyanta da igiya don kar ya ɓace mata. Na gaishe ta, na warware rigar na shimfiɗa mata a cinya.

"Gwaggo, yau ɗaliba ta fi malama. Faɗi gaskiya."

Ta ɗaga rigar. Ban ji yabon da nake jira ba. Ta dafa bango ta miƙe, ta kai ta bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, ta daɗe tana kallo.

"Auta, zo nan." Ta ɗora yatsa a kafaɗar dama. "Wane launi ne wannan?"

"Shuɗi."

Ta mayar da yatsan hagu. "Nan fa?"

"Shuɗi mana, Gwaggo. Zare ɗaya ne."

Ta sauke rigar a hankali. "Daga nan har ƙasa baƙi ne, 'yar nan. Baƙi wuluk."

Na karɓe rigar na kawo ta dab da fuskata, na matsar da ita nesa, na rufe ido ɗaya na buɗe. Ni dai abu ɗaya nake gani. Ashe da zaren farko ya ƙare na sa hannu na ɗauko wani, na yi kwana goma ina soka baƙi ina murna.

Gwaggo ta koma ta zauna ta ce, "Wata biyu ke nan ina warware miki aiki da sassafe kafin ki zo. Fure ɗaya a nan, ganye biyu a can. Na ce ko soyayya ce ta ɗauke miki hankali, na yi shiru. Amma wannan ba soyayya ba ce. Me ke damun idonki?"

A nan na durƙushe na fashe da kuka, na faɗa mata abin da ku ma ban taɓa faɗa muku ba.

Wata biyu da suka wuce Mama ta raka ni asibitin ido, saboda zira zare a allura ya fara gagara ta, kuma tsakiyar duk abin da na kalla sai in ga kamar an shafa masa hazo. Mun ɗauka gilashi za a ba ni. Likitan ya yi ta haska min fitila, ya sa aka ɗauki hoton cikin idon, sannan ya ajiye bironsa ya ce jijiyar ganin ce ta yi rauni. Mama ta ce, "To likita, sai magani?" Ya ce akwai abin da za a gwada, amma ba zai yi mana alkawari ba. Wasu abin yakan tsaya inda yake har tsufansu. Wasu yakan ci gaba har ganin ya tafi. Na ce, "Ni a wanne nake?" Ya ce, "Ban sani ba. Ki dawo bayan wata uku mu sake aunawa."

Muna fitowa, tun kafin mu samu mota, Mama ta riƙe min hannu ta ce, "Maganar nan ta tsaya tsakanina da ke. Babanki ma gilashi kawai za mu ce masa. Shi kuma yaron nan, kar ki kuskura." Na ce, "Mama, ƙarya zan yi masa?" Ta ce, "Ban ce ki yi ƙarya ba. Shiru na ce ki yi."

Gwaggo ta saurare ni har na gama. Ba ta zagi Mama ba, ko da yake na san bakinta, da ma ba wani jituwa suke ba. Cewa kawai ta yi, "Uwa ce. Tsoro ne ya yi mata yawa. Ke fa, me zuciyarki ke ce miki?"

Na share hanci da bakin mayafi na ce, "Gwaggo, rashin sanin ne ke kashe ni. Da likita ya ce min zan makance, da tuni na je na ce wa bawan Allah ya nemi wata. Da ya ce zan warke, da na yi shiruna hankali kwance. Amma ban sani ba! In na faɗa ya gudu, kuma idon ya tsaya lafiya, na yi asarar banza. In na ɓoye, ganin kuma ya tafi, na cuce shi. Ni da Allah zai nuna min ƙarshen abin, ko a mafarki ne, da na san inda zan sa ƙafa."

Gwaggo ta jawo wani zanin gado ruwan madara da muke yi wa wata mata, ta laluba cikin gwangwani ta ɗauko guntun sabulun da take zane da shi. Ita ba ta amfani da alli, sai ragowar sabulun wanka da ya sirance, wai ya fi fita a yadi kuma ruwa ɗaya ke wanke shi.

"Shekara goma sha biyar kina zaune a gabana," ta ce. "Na taɓa zana miki zanin gado gaba ɗaya?"

"A'a."

"Me nake yi?"

"Tsawon tafin hannu kike zanawa. In na ɗinke ki ƙara."

"Don me?"

"Don hannu yana goge sauran kafin a kai wurin."

"To. Kin taɓa ajiye allura kika ce ba za ki soka ba sai na nuna miki yadda zai ƙare?"

"Ai na san kin san abin da kike yi."

Ta yi 'yar dariya. "Ni da nake neman gilashina yana kan goshina. Ni da na zuba gishiri a shayi ranar nan. Ni kika yarda da ni haka, ido rufe. Amma Wanda ya yi idon, Shi sai ya kawo miki zanen gaba ɗaya kin duba kin sa hannu tukuna?"

Gaskiya raina ya ɓaci. Kun san ni da baki. Na ce, "Gwaggo, wa'azi da daɗi a bakin mai ido."

Na ɗauka za ta make ni. Sai ta ce, "Haka ne. Ba ni ce a cikin rigarki ba, kuma ba zan ce miki yaron zai tsaya ba, don ban sani ba. Wataƙila ya gudu. Abin da na sani, gobe ba a zana miki ba tukuna. Na yau kuwa an zana, kuma kina ganinsa sarai, shi ya sa kike kuka." Ta miƙo hannu. "Kawo rigar in warware baƙin. Zuwa jibi na gyara, ba wanda zai gane."

Na kalli rigar na kalli hannunta. Na ce, "Bar ta haka, Gwaggo."

Da na koma gida na tarar Mama ta fitar da kujerun falo tsakar gida tana kakkaɓewa. Ta canja labule, ta wanke kofunan gilashin da ba a taɓawa sai an yi baƙi na musamman. Fuskarta fal murna, har da 'yar waƙarta. Ta ce, "Auta, zo ki riƙe min nan. Ke wace irin amarya ce, kullum fuska kamar an aiko miki da mutuwa?"

Na riƙe mata labulen. Na ce a hankali, "Mama, ina son in faɗa masa."

Waƙar ta tsaya. Ta sauko daga kan kujerar da ta taka, ta ja ni ɗaki ta turo ƙofa.

"Kina hauka ne? Saura kwana huɗu!"

"Shi ya sa, Mama."

"Ke yarinya ce, ba ki san mutane ba. Ba wanda ke ɗaukar mara lafiya da saninsa. In an ɗaura aure, abin ya zo daga baya, kowa zai ce ƙaddara ce, a rungume ki. In kika faɗa yanzu, shi ko ya yarda, uwarsa fa? Danginsa fa? Gobe duk unguwa ta ɗauka 'yar gidan nan makauniya ce. Wa zai sake tako ƙofar nan?"

"In kuma ya gane daga baya cewa na sani fa?"

"Lokacin kina ɗakinki." Muryarta ta karye. Ta zauna bakin gado ta kama hannuwana biyu. "Auta, ni ba zan dawwama ba. Babanki ya tsufa. In idon nan ya tafi, wa zai riƙe ki? So nake in ga kina da wani kafin nan. Ki rufa min asiri, ki rufa wa kanki."

Wallahi ban taɓa jin tausayin Mama irin na ranar ba. Ba muguwa ba ce. Tun ranar asibiti na lura ta rage cin abinci, kuma duk sallah sai ta daɗe a sujada. Na rungume ta, ban ce mata eh ba, ban ce a'a ba.

Ranar Laraba bayan la'asar na yi alwala, na yi raka'a biyu. Addu'ata gajera ce, don kalmomin sun ƙare min. Na ce, Ya Allah, ban san abin da Ka tsara ba, kuma ina jin tsoro. In alheri ne Ka tsayar min da shi, in ba alheri ba ne Ka ba ni ƙarfin halin ganinsa yana tafiya. Na sa doguwar rigata mai ruwan ƙasa, na ɗauki ledar, na ce wa Mama zan je sayen zare. Wannan ƙaryar kam na yi ta, Allah Ya yafe min.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, kawunan kekuna jere a kan katako, ko'ina warin mai, rediyo na ta surutu a kan taga. Yana ganina ya miƙe har yana ture kwalbar mai.

"Yau wace rana! Ranki ya daɗe da kanki? Tsaya, tsaya, kar ki ba ni tukuna." Ya ruga ya wanke hannu da sabulu har sau biyu, ya goge a tawul, sannan ya karɓi ledar da hannu biyu. Ya warware rigar ya ɗaga. Yadda fuskarsa ta washe, na so a ce na mutu kafin in ɓata ta.

"Kai! Auta, wannan hannun naki... Dubi ganyen nan kamar a tsinka." Ya karkata kai. "Kuma kika yi shi kala biyu, nan shuɗi nan baƙi. Sabon salo ne?"

Ga ƙofa a buɗe, 'yan uwa. In na ce eh, shi ke nan, zai sa ta yana taƙama. Na ji kalmar ta zo har bakina.

Na ce, "Ba salo ba ne. Ban ga bambancinsu ba."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina. Na faɗa masa komai a tsaye, ina kallon ƙasa: asibiti, jijiya, wasu yakan tsaya wasu yakan tafi. Ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

"Tun yaushe kika sani?"

"Wata biyu."

"Wata biyu," ya maimaita. "Kullum muna waya. Kullum ina tambayarki lafiya, kina cewa lafiya lau."

"Na ji tsoro."

Ban ambaci Mama ba. Ya zauna kan benci, ya ɗauki tawul ɗin yana ta goge hannun da ba komai a jikinsa.

"Zai warke?"

"Ban sani ba. Likitan ma bai sani ba."

Ni kuwa zuciyata na ta roƙo, ka ce ba komai, ka ce ko makauniya ce kana so, ka faɗi irin abin da ake faɗa. Bai faɗa ba. Ya naɗe rigar a hankali ya mayar leda, ya ce, "Auta, ba zan yi miki maganar da ban auna ba. Kaina ya ɗaure. Kuma dole in faɗa wa Inna, ban taɓa ɓoye mata abu ba, ba zan fara da wannan ba. Ki ba ni lokaci."

Na ce to. Na fito. Ranar bai raka ni bakin titi ba.

Na faɗa wa Mama ina shiga gida, tun ban cire mayafi ba. Na shirya wa faɗa, har da mari. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta kalle ni, ta kalli sabon labulenta, ta ce, "Kin kyauta," ta shige ɗaki. Ranar Alhamis ko gaisuwata da kai ta amsa.

Alhamis ɗin nan ba zan manta ta ba. Na duba waya ya fi sau ɗari. Ba kira, ba saƙo. Na tafi wajen Gwaggo don zaman gidan ya gagare ni, na tarar ta bi zarurrukan gwangwani ɗaya bayan ɗaya ta ƙulla musu alama a baki: baƙi ƙulli ɗaya, shuɗi biyu, kore uku. Ta ce, "Yatsa ma yana gani. Zauna." Ta zira min zare a allura biyar ta soke su a jikin filo, ta zana min ganye biyu da sabulunta. Na ɗinka ina hawaye. Ba zan yi muku ƙarya in ce hankalina a kwance yake ba. Amma nauyin da na yi wata biyu ina ɗauke da shi a ƙirji, na neme shi na rasa. Tsoro ne kawai ya rage, shi kuma na iya zama da shi.

Ranar Juma'a da azahar ina ɗaki ina ninke kaya wayata ta yi ƙara. Mai Gyaran Keke, haka sunansa yake a wayata har yau. Ba rubutu ba ne, murya ce, abin da bai taɓa turo min ba. Na danna.

"Auta, na yi miki da baki ne don kar ki wahalar da idonki wajen karatu. Na ji ciwon ɓoyewar, ba zan ce ban ji ba. Amma na yi ta tunanin cewa kina iya barin ta a salo, ba ki bari ba. Ni dai ina nan inda nake. Sai dai ba ni kaɗai ba ne. Na faɗa wa Inna, ta yi shiru tun shekaranjiya, yau ta ce kawunaina su dakata da zuwan gobe. Ta ce ita za ta zo da kanta ta gan ki, ta ga mahaifiyarki. Na tambaye ta me za ta ce, ta ce ba ni ta zo gani ba. Ban san abin da ke ranta ba, wallahi ban sani ba. Ta fito tun ɗazu. Ki yi addu'a, ni ma ina yi."

Na ɗago na ga Mama tsaye a bakin ƙofa, tsintsiya a hannunta. Ban san tun yaushe take wurin ba.

"Sake kunna min," ta ce.

Na sake. Ta saurara har ƙarshe, ta jingina tsintsiyar a bango.

"Yaron nan ya yi kuka kafin ya yi maganar nan," ta ce. Ta matso ta sa bakin zaninta ta goge min fuska, kamar ina 'yar shekara biyar. "Tashi ki sa mayafinki. Ki fito da kofunan nan."

"Mama, in ta ce a fasa fa?"

"In ta ce a fasa, an fasa. Allah bai manta da ke ba." Ta ƙara da cewa, "Amma in ta tambayi dalilin da aka yi wata biyu ba a faɗa ba, kar ki buɗe baki. Ni na ce a ɓoye. Ni zan amsa."

Ban kai ga ɗauko mayafin ba muka ji sallamar mace a ƙofar gida. Mama ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta riga ni fita.